Daga Hayaƙi Zuwa Ƙanƙara: Waiwaye Kan Tafiyar Kifi Zuwa Tukunyar Kanawa

Kano ba garin bakin ruwa ba ce. Ba ta da teku, ba ta da babban kogi irin Kwara da ta bi ta Yawuri ko Binuwai da ta bi ta Yola. Amma duk wanda ya ratsa Nassarawa GRA bayan sallar isha'i, daga Ahmadu Bello Way zuwa Sultan Road da Lamido Crescent, hancinsa zai shaida masa cewa kifi ya zama ɗan gari. Ga masu gashi sun hura gawayi, ga manyan kantuna da firji cike da kifin da aka kamo a tekun Norwe, ga gidajen da aka mai da bayansu gonar tarwaɗa. Kakanninmu da suka yi rayuwarsu a cikin ganuwa ba su san wannan yalwa ba.

Abin da ya shiga tsakanin Bakano da ɗanyen kifi tun asali shi ne zafi. Kifi ba ya jiran ciniki. A bazarar Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kifin da aka fitar daga ruwa da asuba yakan fara sauya wari kafin azahar. Saboda haka tarihin kifi a wannan gari tarihin dabarun da mutane suka yi ne don su riga zafi kai shi tukunya. Dabarun huɗu ne, kuma bi da bi suka zo: hayaƙi, ƙanƙara, dam, sannan tanki. Sun cika mana faranti, babu musu. Sai dai a kan wannan hanya mun kusa rabuwa da giwan ruwa, wanda shi ne sarkin kifayen ruwayenmu, kuma masuncin gida shi ne aka bari a baya.

Zamanin koma da banda

A da, kogunan ƙasar Kano na damina ne. Kogin Challawa da Kogin Kano, waɗanda suke haɗuwa su bi ta Wudil su nufi Haɗeja, sukan cika su batse a watan Agusta, da rani kuma su janye su bar yashi da gurabe. A waɗannan gurabe ake yin su. Sarkin ruwa ne ke tsare gurbi, shi ke faɗin ranar da za a shiga, kuma kafin ranar nan ba mai jefa koma. In ranar ta zo, ƙauyuka su taru da homa da gora, a kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da gaiwa, a ci na ci, a kyafe sauran. Mutumin birni kuwa mai nama ne. Fawa ta kafu, tsire da balangu da kilishi sun wadata. Kifi yakan shigo gida ne a bushe, a ɓare shi a jefa cikin miyar kuka ko ta kuɓewa don ƙamshi.

Giwan ruwa ba kifin ƙaramin gurbi ba ne. Yana son ruwa mai zurfi, mai wadatar iska, inda zai yi farautar ƙananan kifaye. Gidansa Kogin Nilu da Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da Kogin Sanagal. Yana iya kai mita 2 a tsayi, nauyinsa ya doshi kilo 200. Tsokarsa fara ce, mai kauri, ba ta da ƙananan ƙayoyin da ke sa uwa fargabar ba yaro kifi. Wannan ya sa ya zama kifin sarakuna da manyan baƙi. A 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, su aka shirya don karrama shi. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, kuma har yau giwan ruwa ake fafutukar fitarwa daga kogin Matan Fada. A 2005 wanda ya ci gasar ya fito da mai kilo 75, a 2020 kuma aka sami mai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016.

Amma kifin da ya ciyar da Arewa, har da Kudu, daga Tafkin Chadi ya fito. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Zuwan ragar lailon da injin jirgi ya sauya sana'ar baki ɗaya, masunta Hausawa daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja suka yi ta kwarara zuwa tsibirai, suka tarar da Buduma da Kanuri da suka gaji ruwan. Baga da Doron Baga suka zama cibiyar banda. Aikin banda, wato dabara ta farko, ba ƙarami ba ne. Ana kankare kifi, a fasa shi, manya irin giwan ruwa da bargi a yanka su gunduwa-gunduwa, a shanya su sha iska, a jera a kan waya bisa wuta mai hayaƙi, ana juyawa har ruwan jikinsu ya tsane, bayansu ya yi baƙi. Sannan a ɗure a buhu ko kwali, a ɗora a mota zuwa Maiduguri, daga nan Kano, Onica, Legas. Hayaƙi ya ba kifi watanni a maimakon sa'o'i, kuma ya ba miyarmu wani ɗanɗano da har gobe ba abin da ya maye gurbinsa. Illarsa ita ce yana cin itace, ƙwari suna cin rabonsu a hanya, kuma farar tsokar giwan ruwa takan koma abin ƙamshin miya kawai.

Nassarawa da firjin farko

Bayan da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, sai suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, a Nassarawa da Bompai. A Nassarawa Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da kayan gwangwani, ciki har da sadin. Daga baya firji mai aiki da kananzir ya shigo gidajen Turawa da na Kwarori 'yan kasuwa. A ɗakunan girkin wannan unguwa kukun Hausawa suka koyi fere tsokar kifi daga ƙashi, a soya ta da man shanu ko a gasa ta a tanda, abin da ba a saba yi a cikin gari ba.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, aka kuma ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, manyan ma'aikata da attajirai 'yan ƙasa suka gaji gidajen, suka gaji firji, suka gaji kuku. Shi ya sa duk wani sabon salo na cin kifi a Kano yakan fara sauka a Nassarawa kafin ya bazu zuwa Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da cikin birni. Unguwa ce da ta riga sauran samun lantarki da ruwan famfo, kuma ɗanyen kifi ba ya zama inda babu waɗannan biyun.

Masuntan da ke tsayawa a kan ruwa

Dabara ta biyu daga nesa ta taso, daga ƙasashen da hunturunsu ke daskarar da tafki har mutum ya taka samansa. A Finlan da Suwidin da Rasha da Kanada da jihohin arewacin Amurka irin Minnesota, su na lokacin sanyi al'ada ce mai tushe. Masunci yakan jira ƙanƙara ta kai kaurin santimita 10 kafin ya aminta ya hau ta da ƙafa. Sai ya huda rami da wani dogon ƙarfe mai murɗe, faɗin ramin bai wuce tafin hannu biyu ba, ya zauna a kan ɗan akwati, ya zura fatsa mai gajeriyar sanda, yana ɗan girgiza ta don ƙugiyar ta yi rawa a ƙarƙashi. Ɗaya daga cikin kifayen da aka fi nema shi ne wani mai zane-zanen baƙi a gefe da jan fiffike, wanda Turawa suke haɗa shi da giwan ruwa a suna ɗaya, ko da yake masana sun raba danginsu. Ƙarami ne, yawanci bai kai rabin kilo ba, yana yawo garke-garke, kuma Finlan ta ɗauke shi kifin ƙasa. Mutanen can suna fere tsokarsa, su barbaɗa gishiri da gari, su soya da man shanu. Wani lokaci su yi romonsa da dankali da madara, haɗin da Bahaushe da yawa ba zai yarda ya kai baki ba. A gabashin Finlan har cusa shi ake yi cikin ƙullin burodi a gasa na tsawon sa'o'i.

Wannan su ya shafe mu ta hanyar da ba kowa ya sani ba. A 1912 wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya tafi Labrador a arewa maso gabashin Kanada don fataucin fatu. A can ya ga yadda mutanen Inuit ke kamun kifi ta ramin ƙanƙara a cikin sanyin da ke kai digiri 40 ƙasa da sifili. Da zarar an jefo kifi waje sai ya sandare nan take, kuma in an narkar da shi bayan watanni, ɗanɗanonsa kamar yau aka kama shi. Birdseye ya gano dalili: idan daskarewa ta zo da sauri, ƙwayoyin ƙanƙarar da ke fitowa a cikin tsoka ƙanana ne, ba sa yayyaga ta. Idan kuwa ta zo a hankali, sai su yi girma su farfasa naman, in ya narke ya zama ruwa-ruwa. Ya koma gida ya ƙera injin da ke kwaikwayon wannan sanyi a shekarun 1920, kuma a 1930 aka fara sayar da daskararren abinci a kantunan garin Springfield na jihar Massachusetts. Daga nan jiragen ruwa masu ɗakin sanyi suka mai da kifin kowace teku hajar kowace kasuwa.

A Najeriya, Michael Ibru ne ya buɗe wannan ƙofa a 1957, lokacin da ya fara shigo da daskararren kifi Legas. Da farko mutane sun ƙyamace shi, suna danganta shi da ɗakin ajiye gawa. Araha ce ta kashe ƙyamar. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka shimfiɗa tituna, sai manyan motoci masu sanyi suka fara cin tafiyar kilomita 1,000 daga Apapa zuwa Kano. Ɗakunan sanyi suka buɗe a Sabon Gari da kewaye, kasuwar kifi ta Galadima ta zama mahaɗar dillalai. Titus da shawa da kote, daga Norwe da Holan da Rasha da Muritaniya, suka shiga bakin yara kamar sunayen 'yan uwa.

A nan dole a yi wa kifin ƙanƙara adalci. Shi ne ya sauko da ɗanyen kifi daga teburin attajiri zuwa kwanon talaka. Matar da ba ta da kuɗin nama tana iya sayen shawa ɗaya ta yanka uku, miya ta yi daɗi. Dubban mata da matasa sun sami sana'a da kaskon suya a bakin titi, ana haɗa shi da doya ko gurasa da yaji. Amma abin da aka saya da dala, dala ke yanka masa farashi. Hukumomin Najeriya sun daɗe suna cewa ƙasar na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. A 2015 Babban Banki ya sa kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin gwamnati, a 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Tun daga nan titus ya koma abin da magidanci ke tambayar kuɗinsa sau biyu kafin ya sa hannu a aljihu.

Ruwan da Audu Bako ya tare

Dabara ta uku ita ce a kawo ruwan kusa. Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ga fari ya ga yunwa, ya ɗauki aikin madatsun ruwa da gaske. Aka gina Bagauda, sannan Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano. Faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178, tana riƙe kusan mita kubik biliyan 2. Aka bi da Watari da Thomas da Gari da Kafin Ciri da sauransu, sai dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Don noman rani da ruwan sha aka gina su, amma inda ruwa ya kwanta shekara guda, masunci zai zo. Sarkawa da Kabawa da masuntan Haɗeja suka kafa sansani a bakin Tiga, manoman yankin ma suka koyi jefa birgi da kafa kalli. Daga nan mutumin birni ma yana iya cin karfasar da aka kama da asubar ranar, ba kyafaffiya ba, ba daskararriya ba. Masu tire a bakin gadar Wudil da kan hanyar Zariya suka zama sanannu ga duk matafiyi.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa. Fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara ne da ambaliyar damina. Ita ce ke malala cikin ciyayi, kifi ya bi ta ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma kafin ruwa ya janye. Da dam ya rage ambaliya, ya kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kachala ta toshe magudanai, wuraren haihuwar kifi suka ragu. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwa a fadamun, in an haɗa noma da su da itace, ya fi wanda ake samu daga daidai wannan ruwan a gonakin rani na Kadawa. Karfasar da muke ci a Kano, wani ɓangare na kuɗinta masuncin Nguru ne ya biya.

A daidai wannan zamani Tafkin Chadi ma ya shiga halin ha'ula'i. Farin shekarun 1970 ya matse kifi a ɗan ruwan da ya rage, kamu ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, har ya haura tan 200,000 a shekara, mutane suka ɗauka arziki ne ya sauka. A 1975 ɓangaren arewa na tafkin ya ƙafe, a tsakiyar shekarun 1980 kuma buɗaɗɗen ruwan ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake. Kifayen buɗaɗɗen ruwa irin giwan ruwa suka ja baya, na fadama irin tarwaɗa da karfasa da bargi suka mamaye. Sannan rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa abin da fari ya fara. Baga ta sha hari a 2013 da Janairun 2015, masunta suka watse, hukumomin tsaro a Najeriya da yankin Diffa na Nijar suka taɓa hana fataucin kifi don toshe wa 'yan bindiga kuɗin shiga. Banda ta yi tsada a kasuwannin Kano, kuma giwan ruwa ya zama kifin da sai an yi wa dillali magana tun jiya.

Tarwaɗa ta shigo gida

Dabara ta huɗu ta fi sauran sauƙi: kada kifin ya mutu sai mai saye ya zo. Kiwon kifi ba sabo ba ne, domin tun a shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato. Amma sai a shekarun 2000 ya zama sana'ar kowa, bayan da aka ƙware wajen ƙyanƙyasar tarwaɗa da allura, aka kuma sami abincinta mai yawo a saman ruwa. Gidajen GRA masu faɗin fili da rijiyar burtsatse suka dace da wannan aiki. Tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, 'ya'yan kifi dubu ɗaya ko biyu, wata huɗu zuwa shida, an kai kilo guda. Ma'aikata masu ritaya, matan aure, ɗalibai da suka gama jami'a ba aiki, duk suka shiga. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan nau'in tarwaɗa.

Sirrin nasarar tarwaɗa a jikinta yake. Tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure cunkoso da ruwa maras kyau, tana kuma yin kwanaki da rai a cikin baho. Ba ta buƙatar ƙanƙara, ba ta buƙatar lantarki. Mai saye ya nuna wadda yake so, a fitar a gyara a gabansa, a yi farfesu ko a naɗe a gasa. Matsalarta abinci ne, wanda ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo, kuma farashinsa na bin na masara da waken suya da dala. Giwan ruwa kuwa bai shiga tanki ba, domin mafarauci ne mai son ruwa mai iska. Amma ba abin da ba zai yiwu ba ne, tunda ɗan uwansa na jini, wanda ake kira barramundi, ana kiwonsa da yawa a Ostareliya da Tailan. Aiki ne da ke jiran cibiyar binciken kifi ta New Bussa da jami'o'inmu na Kano da Wudil.

Hannun mai girki

Duk hanyar da kifi ya biyo, a hannun mai girki ake yanke masa hukunci, kuma kowane iri da yadda ake bi da shi. Sabon kifi idonsa a buɗe yake tar, cikin kunnensa ja ne, in an danna tsokarsa da yatsa sai ta dawo. Wanda idonsa ya faɗa, kunnensa ya yi toka-toka, a bar wa mai shi kayansa.

Giwan ruwa ana fara yanke masa ƙayoyin baya, domin suna da kaifi, sannan a kankare ɓawonsa daga wutsiya zuwa kai. A fasa ciki a hankali don kada matsarmama ta fashe ta ɗaɗɗaura naman da ɗaci. A wanke jinin da ke manne da ƙashin baya, a goga lemun tsami da gishiri. Tsokar tsakiya ta fi kyau da gashi ko suya a mai mai zafi, kuma ba ta son daɗewa a wuta, da zarar ta yi fari ta fara rabuwa sala-sala an gama. Kai da wutsiya da ƙashi su ne na farfesu. A fara dafa romon shi kaɗai da albasa da attaruhu da citta da tafarnuwa da masoro da kimba da ɗan daddawa, sai ya haɗe jikinsa a jera kifin, a rage wuta. Ba a juya farfesun kifi da ludayi, tukunyar ake ɗagawa a girgiza. In an kusa saukewa a watsa ganyen ɗoɗɗoya.

Tarwaɗa yauƙinta ne abin yaƙi. Tsofaffi da toka suke murje ta, wasu da gishiri da lemun tsami, wasu su kwara mata ruwan zafi har yauƙin ya yi fari a kankare. Kifin ƙanƙara kuwa a bar shi ya narke a cikin firji ko a ruwan sanyi, ba a rana ba, kuma wanda ya narke kada a mai da shi ya sake daskarewa. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ita ce babbar barazana, domin kwali ɗaya yana iya narkewa ya daskare sau da yawa kafin ya iso hannun mai saye. Banda ita ma tana son a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri, a wanke sosai, a zubar da ruwan farko, saboda akwai marasa tsoron Allah da ke fesa mata maganin ƙwari don ta daɗe a rumbu.

Inda ƙanƙara ba ta kai ba

Wanda ya dubi wannan tafiya zai ga wani giɓi a tsakiyarta. Kifin da aka kama a Tekun Atilantika ta Arewa yana shiga sanyi tun a cikin jirgi, ya yi makonni a ruwa, ya ratsa Najeriya daga kudu zuwa arewa, ya iso Nassarawa lafiya. Karfasar Tiga, wadda tsakaninta da birni bai kai tafiyar awa biyu ba, a kwando take zuwa, an rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Masuncin da ba shi da ƙanƙara ba shi da bakin ciniki. Dole ya sayar a yadda dillali ya taya kafin rana ta take, ko ya kai wa mai kasko, ko ya yi asara. Kuma wanda ake saye a hannunsa da araha, da yawan kamu yake cike giɓi, sai ya koma raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su taɓa yin ƙwai ba. Wasu ma har gamalin suke zubawa a ruwa, duk da cewa dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki.

Gabashin Afirka ya nuna mana abin da ƙanƙara ke iya yi wa wannan kifi namu. An zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 da farkon 1960, ya yi yawa a shekarun 1980, ya kuma cinye ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen tafkin, ɓarnar da ba abin koyi ba ce. Amma Yuganda da Kenya da Tanzaniya sun kai ƙanƙara har bakin ruwa, sun kafa masana'antun fere tsoka a garuruwa irin Mwanza da Kisumu, suna tura ta Turai a jirgin sama. Da Tarayyar Turai ta dakatar da saye a 1999 saboda kamu da guba, sai suka gyara wuraren sauke kifi, suka tsananta bincike, kasuwa ta dawo. Su da aka kai musu shi baƙo sun mai da shi hajar ƙetare. Mu da muka gaje shi tun kaka da kakanni, yaranmu da yawa a hoton bikin Argungu kawai suka san shi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, kuma rabinsa a gidanmu yake. Abin da ya sa har yanzu ake fitar da ƙaton giwan ruwa daga Matan Fada shi ne ana tsare wurin, ba a yin su a cikinsa sai ranar biki. Wannan ita ce tsohuwar dokar sarkin ruwa, kuma ita ce masana kimiyya ke ba da shawara a yau: a ware wani sashe na kowane dam da ba a shiga, a rufe kamu a watannin da kifi ke ƙwai, a hana ƙaramar raga, a ba sarakunan ruwa ƙarfin hukunta wanda ya karya. Sauran rabin shi ne sanyi. Kano na da ranar da ta ishe ta sarrafa ƙanƙara da lantarkin sola a bakin Tiga da Challawa da Watari da Wudil, kuma garin da ke iya wadata masu azumi da ƙanƙara a watan Ramadan ba zai kasa kai ta ga masunta ba. Sannan a riƙa sakin ruwan dam da damina ta yadda fadamun Haɗeja da Nguru za su sami ambaliyarsu.

Mazauna Nassarawa suna da rawar takawa, domin abin da suka nema shi kasuwa ke kawowa. In masu gidajen abinci da uwayen gida na wannan unguwa suka fara tambayar kifin gida da aka ajiye a ƙanƙara tun daga bakin ruwa, suka yarda su biya kuɗinsa, suka kuma ƙi sayen ƙananan da ba su isa kamu ba, dillali zai ji, masunci ma zai ji. Gwamnatin jiha ta sa hannu da injinan ƙanƙara da doka, masarautu su tsaya wa sarakunan ruwa, jami'o'i su ɗauki kiwon giwan ruwa a matsayin aikin da za a gama, ba na takarda ba. Audu Bako ya tara mana ruwan tun a shekarun 1970. Kula da abin da ke cikinsa, da mutanen da ke fitar da shi, shi ne aikin da ya rage wa wannan zamani.